Hurumin Fara Aiki da Ikon Kammala Shi: Nazarin Kashe Kuɗin Ayyukan Raya Ƙasa a Majalisar Birnin Tamale

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake tsara ayyukan raya ƙasa da biyan kuɗinsu a Majalisar Birnin Tamale, hedikwatar Yankin Arewa a Ghana. Ta dogara da tsarin mulkin ƙasar na 1992, da dokokin ƙananan hukumomi, da binciken da masana suka wallafa. Matsayarta ita ce, yawaitar ayyukan da ake farawa a bari ba ƙarancin kuɗi kaɗai ke haifar da ita ba, ba kuma almundahana kaɗai ba. Doka ta ba majalisa hurumin fara aiki, amma ikon kammala shi ya warwatsu tsakanin ma'aikatun Accra da ke riƙe da kuɗi, da wakilan unguwanni da ke rabon ayyuka, da masu filaye da ke faɗaɗa gari. Takardar ta amsa sukar da ake yi wa wannan matsaya, sannan ta kawo shawarwari huɗu.

1.0 Gabatarwa

Tamale ta zama cibiyar mulki ne a 1907, lokacin da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar Yankunan Arewa daga Gambaga suka mayar da ita can. Daga 'yan ƙauyukan Dagomba da zangon fatake, garin ya bunƙasa har aka ɗaga shi zuwa matsayin babban birni a 2004, kuma yau yana cikin manyan birane 6 daga majalisu 261 da ƙasar ke da su. A 2012 an yanke Sagnarigu daga jikinsa aka yi mata majalisarta. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum fiye da 370,000 a ƙarƙashin Majalisar Tamale, da fiye da 340,000 a Sagnarigu. Gari ɗaya ne a zahiri, kasuwanci ɗaya, ruwan sha ɗaya daga matatar Dalun, amma kasafi biyu da shugabanni biyu.

Baƙon da ya shiga Tamale zai ga gadar sama da aka buɗe a watan Maris na 2022, da filin wasa na Aliu Mahama da aka gina don gasar cin kofin Afirka ta 2008. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fito daga kasafin majalisa. Gwamnatin tsakiya ce ta ƙulla su. Abin da ke wuyan majalisa ƙanana ne: ajujuwa uku da ofis, ɗakin shan magani, kwalbati, rumfunan kasuwa, bandakin jama'a, kwashe shara zuwa Gbalahi. Waɗannan su ne ayyukan da talaka ke auna hukuma da su, kuma a cikinsu ne ake samun ginin da ya kai linta ya tsaya. Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin da ya sa aikin da kowa ya amince da amfaninsa, aka sa shi a kasafi, aka ba ɗan kwangila, yake tsayawa a tsakiya.

2.0 Waiwaye a Kan Ra'ayoyin Magabata

Za a iya kasa ayyukan da suka gabata gida uku. Gida na farko ya ginu a kan ra'in Oates (1972), wanda ya nuna cewa hukumar da ta fi kusa da jama'a ta fi sanin buƙatunsu, saboda haka sauke iko ƙasa yana kyautata kashe kuɗi. Wannan shi ne ruhin Dokar PNDC ta 207 ta 1988, wadda ta kafa majalisun gundumomi 110 a zamanin Jerry Rawlings. Ahwoi (2010), wanda shi ne ya jagoranci ma'aikatar ƙananan hukumomi a shekarun da aka kafa tsarin, ya yi cikakken bayanin dokokin da sassan da ba a kai ga aiwatarwa ba.

Gida na biyu na masu ganin cewa gwamnatin tsakiya ba ta saki ragama ba. Ayee (1994) da Crook da Manor (1998) da Crawford (2009) sun nuna cewa naɗa shugaban gunduma daga sama, da dogaro da kuɗin da ke fitowa daga Accra, sun sa majalisu sun fi sauraron wanda ya naɗa fiye da wanda ya zaɓa. Banful (2011) ta ƙara da cewa ko ma'aunin rabon kuɗi da aka tsara don kauce wa son kai bai tsira daga lissafin siyasa ba.

Gida na uku ya duba abin da ke faruwa da kuɗin bayan sun iso. Mogues da Benin (2012) sun gano cewa tallafin da ke zuwa daga waje yana rage himmar majalisu wajen tara nasu kuɗin. Williams (2017) ya bi diddigin ƙananan ayyuka fiye da 14,000 a gundumomin Ghana daga 2011 zuwa 2013, ya samu cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ayyukan da aka fara ba a kammala su ba, kuma sun cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da majalisu suka zuba a gine-gine. A kan Tamale kanta, MacGaffey (2013) ya yi nazarin sarauta da mallakar ƙasa a Dagbon, masarautar Dagomba, Fuseini da abokan aikinsa (2017) kuma sun bayyana yadda faɗaɗar birnin ta tsere wa tsarinsa. Giɓin da ya rage shi ne haɗa waɗannan zaruruwa a gari guda, don a ga yadda ɗaya ke ƙarfafa ɗaya.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An yi amfani da hanyar ƙwanƙwance takardu. An duba babi na 20 na tsarin mulkin 1992, da Dokar Asusun Bai-ɗaya ta 455 ta 1993, da Dokar Mulkin Ƙananan Hukumomi ta 936 ta 2016, da Dokar Sayayyar Gwamnati ta 663 ta 2003. An ɗora nazarin a kan abin da takardar ta kira sarƙar kammalawa, wato matakai huɗu da kowane aiki ke bi: zaɓe, kasafi, biya, miƙawa. A kowane mataki an yi tambaya biyu: wa ke yanke hukunci, kuma wa jama'a ke tuhuma idan abu ya lalace? Alƙaluman Williams na ƙasa baki ɗaya ne. An kawo su nan ne domin tsarin da ya haifar da su shi ne dai ke aiki a Tamale, sannan aka duba abubuwan da suka keɓanta da garin.

4.0 Nazari

4.1 Wanda ya zaɓi aiki da wanda ya sa hannu

Sashe na 242 na tsarin mulki ya tanadi cewa kowace mazaɓa ta turo wakili ɗaya, shugaban ƙasa kuma ya naɗa waɗansu da ba za su wuce kashi 30 cikin 100 na majalisa ba, bayan tuntuɓar sarakuna da ƙungiyoyi. Sashe na 243 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa shugaban zartarwa, da sharaɗin kashi biyu cikin uku na wakilan da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a su amince. Ana yin zaɓen wakilai ba tare da tutar jam'iyya ba. Sakamakon wannan tsari shi ne, wakilin Lamashegu ko Aboabo ko Kalariga ba shi da jam'iyyar da za ta fake da shi a cikin zaure, ba shi da abin nuna wa unguwarsa sai aikin da ido ke gani. Shugaban zartarwa kuwa yana buƙatar ƙuri'un waɗannan wakilai don a tabbatar da shi, don kuma a amince da kasafinsa. Hanya mafi sauƙi ta samun amincewar kowa ita ce a raba ayyuka kamar goron biki, kowa ya samu tsagi. Shirin raya ƙasa na shekara huɗu sai ya cika da ayyuka fiye da abin da aljihu zai ɗauka. Idan sabuwar shekara ta kama, wakilin da bai samu komai ba bara ba zai yarda a sake zuba kuɗi a unguwar maƙwabcinsa don a yi rufi ba. Shi ma yana son a haƙa masa harsashi. Wannan shi ne abin da Williams ya danganta da gazawar yanke shawara ta taro: kowane wakili yana yin abin da ya dace da hankali, amma jimillar shawararsu gine-gine ne marasa kwano.

4.2 Mashigar kuɗi da zaftarewa tun daga tushe

Sashe na 252 ya wajabta wa majalisar dokoki ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na dukkan kuɗin shigar ƙasa ba, a zuba a Asusun Bai-ɗaya na Majalisun Gundumomi duk bayan wata uku. A takarda wannan tanadi ne mai ƙarfi. A aikace ya sha wuya ta fuska biyu. Ta farko ita ce ma'anar jimillar kuɗin shiga. Dokar ƙayyade asusai ta 947 ta 2017 ta takaita abin da ake warewa ga asusan da doka ta keɓe, har sai da 'yan majalisar dokoki biyu, Benjamin Kpodo da Richard Quashigah, suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2019 cewa ba za a rage rabon gundumomi ƙasa da abin da tsarin mulki ya ce ba. Ta biyu ita ce zaftarewa kafin kuɗi su bar Accra: kason 'yan majalisar dokoki, da shirye-shiryen ƙasa, da kwangilolin tsabtace gari da feshin magani waɗanda ake ƙullawa a sama a cire kuɗinsu daga rabon gundumomi. Da gwamnatin John Mahama ta bayyana a kasafin 2025 cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na asusun za su riƙa zuwa hannun majalisu kai tsaye, ita kanta sanarwar shaida ce cewa abin da ke isa a da bai kai haka ba. Jami'in kasafi a Tamale yana rubuta adadin da aka yi alkawari, jami'in kuɗi yana biya da abin da ya shigo, ɗan kwangila kuma yana tsaye a tsakanin alƙaluman biyu.

4.3 Jinkiri a ƙasa mai damina ɗaya

Jinkirin sakin kuɗi matsala ce ta duk ƙasar, amma tsadarsa ta fi yawa a arewa. Kudancin Ghana na da damina biyu, Tamale na da ɗaya, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, inda ruwan shekara na kimanin milimita 1,000 ke zuba a 'yan watanni. Aikin ƙasa, kamar haƙa magudana da cike hanya da zuba kwalbati, na rani ne. Idan ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami ya haƙa rami a Fabrairu, ya gabatar da takardar biya a Afrilu, kuɗi ba su fito ba sai Agusta, ba wata huɗu aka yi hasara ba, shekara guda ce. Ruwa ya cinye gefen ramin, yashi ya cika shi, rodin da aka ɗaure ya yi tsatsa, kuma ramin da aka yi don kawar da ambaliya ya koma tafkin sauro a ƙofar gidajen mutane. Ga rani kuma da tasa matsalar: lokacin da ya fi dacewa da gini shi ne lokacin da ruwan famfo ke ƙaranci, sai a sayi ruwan tanka don kwaɓa siminti. A kan wannan sai a ɗora hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamban 2022. Kwangilar da aka sa wa hannu da farashin siminti da kwano na farkon waccan shekara ba za ta yiwu da kuɗin da aka biya a ƙarshenta ba. Ɗan kwangila ko dai ya nemi a sake lissafi, ko ya rage inganci, ko ya kwashe kayansa.

4.4 Kuɗin cikin gida da batun filaye

Kuɗin da majalisa ke da cikakken iko a kan lokacinsu su ne waɗanda ta tara da kanta: harajin gidaje, lasisin sana'a, takardar izinin gini, tikitin kasuwar Aboabo da ta tsakiyar gari, da na tashoshin mota. Kowace shekara majalisa kan zartar da ƙudurin ƙayyade waɗannan kuɗaɗe. Mafi sauƙin karɓa shi ne tikitin mai tallar doya da mai keke-napep, domin suna fili. Mafi tsoka shi ne harajin gidaje, wanda ke buƙatar a san gida, a san mai shi, a kimanta darajarsa ta hannun sashen kimantawa na Hukumar Filaye. An yi yunƙurin sa wa tituna suna tun 2013, an ƙaddamar da adireshin GhanaPost GPS a 2017, a 2023 kuma aka miƙa karɓar harajin ga hukumar tara haraji ta ƙasa, ba a daɗe ba aka mayar wa majalisu. Wannan kai-komo ya hana rajistar gidaje ta zauna. Bugu da ƙari, filayen Tamale na gargajiya ne, suna hannun sarakunan Dagbon irin su Gulkpe Naa da Sagnari Naa da masu unguwanni da ke ƙarƙashinsu. Sashe na 267 ya ba majalisa kashi 55 cikin 100 na kuɗin filayen sarauta bayan an cire kashi 10 na ofishin mai kula da su, amma babban abin da mai saye ke bayarwa yayin karɓar fili ana ɗaukarsa a matsayin kuɗin goro na al'ada, ba ya shiga wannan lissafi. Ta haka gonaki ke komawa fuloti, unguwa ta tashi, sai daga baya a zo wa majalisa da buƙatar hanya da makaranta. Mai faɗaɗa gari daban, mai biyan kuɗin faɗaɗar daban.

5.0 Amsa Suka

Suka ta farko ita ce, duk wannan dogon bayani rufa-rufa ne ga almundahana. Babu mai musun cewa rahotannin Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙasa a kan majalisu suna kawo biyan da ba shi da takardun shaida da saɓa ƙa'idar sayayya. Sai dai mai neman cin riba ta haram a kwangila ya fi samun biyan buƙata idan aikin ya kai ƙarshe aka biya kuɗin duka, ko da an zuga farashin. Abin da Williams ya samu a ayyukan da aka watsar ya fi karkata ga 'yan kwangilar da suka yi aiki fiye da abin da aka biya su. Almundahana tana bayyana tsadar aiki da rashin ingancinsa. Ba ta wadatar wajen bayyana tsayawarsa.

Suka ta biyu ita ce, ma'aikatan majalisa ba su da ƙwarewa, don haka gwamma gwamnatin tsakiya ta ci gaba da riƙe kuɗi. Hujjar da ke rushe wannan tana cikin majalisun kansu. Tallafin raya gundumomi da aka fara a 2008 tare da masu ba da agaji ya zo da sharuɗɗa da tantancewar shekara-shekara, kuma binciken Williams ya nuna ayyukansa sun fi kammaluwa a kan na Asusun Bai-ɗaya, alhali injiniya ɗaya ne da akawu ɗaya ke kula da duka biyun. Abin da ya bambanta shi ne ƙa'idar kuɗin da tabbacin isowarsu.

Suka ta uku ita ce, arewa matalauciya ce, ba za a ɗora mata haraji ba. Talaucin yankin gaskiya ne, kuma shi ya sa Asusun Bai-ɗaya ya zama dole don daidaita arewa da kudu. Amma Tamale birni ne mai otal-otal, da bankuna, da gidajen mai, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da benaye. Tsarin da ke karɓa kullum daga mai faifan tumatir ya ƙyale mai bene shi ne ke zaluntar talaka. Harajin gidaje da aka kimanta daidai, aka sassauta wa gidajen gado na cikin gari, ya fi kusa da adalci.

Suka ta huɗu ita ce, zaɓen shugaban zartarwa zai warware komai. An shirya ƙuri'ar raba-gardama a kan shigar jam'iyyu zaɓen gundumomi a 17 ga Disamba 2019, shugaba Nana Akufo-Addo ya janye ta 'yan makonni kafin ranar. Zaɓe zai mayar da kunnen shugaba ga jama'a, amma ba zai sa kuɗi su iso kafin damina ba. Nijeriya ta isa misali: tsarin mulkinta ya tanadi zaɓaɓɓun shugabanni a ƙananan hukumomi 774, amma asusun haɗin gwiwa da jihohi ya riƙe kuɗinsu, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a 11 ga Yuli 2024 cewa a biya su kai tsaye. Zaɓaɓɓen shugaban da ba ya iko da asusu zai ma fi matsuwa ya yawaita aza harsashi don ƙuri'a.

6.0 Kammalawa da Shawarwari

Nazarin ya nuna cewa a kowane mataki na sarƙar kammalawa, mai yanke hukunci daban ne da wanda ake tuhuma. Wakilai ke zaɓen aiki amma ba sa riƙe da kuɗi. Ma'aikatar kuɗi ke sakin kuɗi amma ba ta zaune a unguwar da ramin yake. Masu filaye ke buɗe sababbin unguwanni amma ba su ke yin kwalbati ba. Daga wannan, takardar ta kawo shawarwari huɗu. Na ɗaya, a kafa wa biyan Asusun Bai-ɗaya ranaku tabbatattu a doka, a kuma tsara rabon arewa yadda kaso mai tsoka zai iso daga Nuwamba zuwa Janairu, farkon lokacin gini. Na biyu, majalisa ta sa a ƙa'idojin zamanta cewa ba za a ba da sabuwar kwangila daga wani asusu ba sai an ware kuɗin kammala waɗanda ke ƙasa, tare da jadawalin shekara huɗu da ke nuna wa kowace mazaɓa shekarar da layi zai zo kanta, domin wakili ya iya haƙuri da hujja. Na uku, Tamale da Sagnarigu su haɗa rajistar gidaje da tsarin magudanan ruwa, su kuma zauna da fadojin sarakuna a yarda cewa ba za a yanka fuloti ba sai an fitar da hanya da filin makaranta. Na huɗu, a liƙa a allon majalisa, a kuma karanta a gidajen rediyo da Dagbanci da Hausa, jerin kowane aiki: kuɗin kwangila, abin da aka biya, da matakin da ya kai. Bincike na gaba ya kamata ya bi kwangilolin majalisun biyu ɗaya bayan ɗaya, ya kwatanta ranar gabatar da takardar biya da ranar biya, domin a auna da alƙaluma abin da kowane wata na jinkiri ke ci daga kasafin birnin.